Memorin Mai Jiƙaƙƙen Wando

Jama'a, wannan abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, Allah ne shaidata. Shekarun baya ina da ɗan shagon cajin waya da tura wa'azi da waƙoƙi a Kura, yawancin masu zuwa wajena manoman rani ne. A lokacin bairos, cutar nan ta kwamfuta, ya addabe mu, ka sa memorin mutum ɗaya a kwamfuta ya lalata na mutum goma. Da yake ni mai karambani ne, sai na zauna na harhaɗa wata 'yar manhaja da kaina, ana sa memori za ta bi fayil ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ta gani ba suna sai ta goge shi ba tambaya, don bairos ɗin lokacin haka yake zuwa. Har alfahari nake da ita, kaico!

Wata Laraba bayan azahar, shago cike, sai ga wani magidanci, wandonsa jiƙe har gwiwa da taɓon gonar shinkafa, wanda ba abin mamaki ba ne a wajenmu. Ya miƙo min memori mai sanyi kamar daga randa aka ciro shi, ya ce, "Mai shago, akwai saƙon murya a ciki na mahaifiyata ne, za ta zo ta ji. Don Allah kada abin nan naka ya cinye shi."

Na ce to, ban ko ɗaga kai sosai ba. Da na sallami mutane sai hannuna ya yi abin da ya saba, na zura memorin, manhajar ta ce ta goge fayil ɗaya. Sai a lokacin maganarsa ta faɗo min.

Da la'asar wata tsohuwa ta iso daga wajen Bunkure, ta ce ɗanta ya zo mata a mafarki ya ce ya bar mata saƙo a shagona. Na kwatanta mata shi, sai ta dafa bango ta zauna. Ashe kwana uku ke nan da ruwan babban kanal, wato magudanar noman rani, ya ci shi garin buɗe wa gonarsa ruwa, an samu gawar amma ba a ga wayarsa ba, kuma da safiyar ranar da ya rasu sun rabu tana fushi da shi.

Innalillahi! Nan take na duba abin da manhajar ta rubuta: murya ce ta minti biyu, kuma a ranar Larabar aka ɗauke ta. Babu dabarar da ban yi ba, har cikin Kano na kai memorin, muryar ba ta dawo ba.

Tsohuwar ba ta zage ni ba, wallahi da zagin ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, da ya zo, fuskarsa da alamar fushi?"

Ni kuwa ban kalli fuskarsa ba.

Har yau ban san wanda ya shigo shagona ba. Ku dai in mutum ya ba ku amana, ku ɗaga kai ku dube shi, ku ji abin da yake faɗa. Tsohuwar ta rasu da damina, ba ta ji saƙon ɗanta ba, kuma ni ne sanadi.