Ɓerayen da Suka Yi Rumbu a Motata

Karatuna na boko bai wuce aji huɗu ba, shi ma ajin na huɗu ta taga na fi ganinsa. Amma ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san ɓera ba ya cin ƙarfe. A kan wannan ilimi na dogara ranar da na mayar da motata rumbu.

Lokacin nan zaman ƙauyenmu, can bayan Nasarawa Burkullu, ya gagara, kowa ya ɗauki abin da zai iya ɗauka ya kama gabansa. Uwar 'ya'yana ta riga ta rasu, yaran kuma kowa yana inda abincinsa yake. Na zo Bukkuyum na kama ɗaki a wani gidan haya da masu haƙar zinariya suka cika. Mutanen kirki ne, baƙi daga nesa, sai dai tun da asuba suke fita, su dawo jiki duk jar ƙasa, gaisuwa ma da hannu suke yi don gajiya. Abin da na taho da shi ba yawa: tabarma, buta, 'yan riguna, tsohuwar motar da na saya zamanin ina fataucin wake, sai ɗan buhun irin gero.

Geron nan na gidanmu ne. Mai gashi ne, tsuntsu in ya sauka a kansa sai ya tashi yana ƙunƙuni. Babana wurin babansa ya same shi, ni ma haka. A wajenmu ba a sayar da iri. In naka ya lalace sai ka je wurin maƙwabci ka ce a sam maka, a shiga a ɗebo, ko godiya mai yawa ba a so. To, maƙwabtan nan sun watse. Waɗanda na haɗu da su a kasuwa na tambaya, kowa ya ce nasa ya shiga tukunya tun shekarar tashi. Na gane abin da ke cikin buhun nan shi ne ya rage, a iya sanina. Damina ɗaya ta wuce ban shuka ba don ba ni da gona, iri kuwa shi ma yana tsufa kamar mai shi. Wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci ya ce in ruwa ya sauka zai ara mini gefen gonarsa a bakin gari. Aikina kawai in riƙe buhun nan lafiya har lokacin.

Ɗakin da na kama, ɓeraye sun riga ni tarewa a ciki, kuma da alama su suka fi ni sanin mai gidan. Sai na ɗauki buhun na sa a but ɗin mota, na rufe, na sa makulli a aljihu, ina jin kaina kamar wanda ya kai dukiya banki.

Motar tana ajiye gindin dogon yaro a ƙofar gida. Ba inda nake zuwa da ita, amma kullum bayan la'asar nakan shiga in tayar da inji don kada batir ya mutu, in kunna fanka, in kama rediyo. Nan ce majalisata. Ni ne shugaba, ni ne mahalarta, in aka yi gardama ni ke raba ta.

Da bazara ta kama, fanka ta fara wata sabuwar murya, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Na ce tsufa ne, ni ma gwiwata haka take yi. Sai wari ya biyo baya, wani zarni mai hawa kai. Rannan na murɗa fanka zuwa ƙarshe, sai ƙofofin iskar nan na gaba suka feso mini dusa a gemu, da guntayen soso, da wani baƙin abu ƙanana wanda ba sai an gaya wa manomi sunansa ba. Na kashe mota na zagaya baya na buɗe but.

Buhun yana nan inda na ajiye shi, ɗaurinsa ma ba a taɓa ba, amma ya kwanta shafal kamar rigar da aka tuɓe. Ƙasansa huda uku ko huɗu. Na ɗaga na girgiza, abin da ya zubo dusa ce da kashin ɓera.

Na zauna a bakin but ɗin har aka kira magariba. Abin da ya fi damuna a lokacin, ba wanda zan gaya wa ya gane. In na ce wa maƙwabtana ɓera ya cinye mini gero, za su ce Baba yi haƙuri, gobe su auno mini tiya a kasuwa.

Washegari na ɗaura yaƙi. Na aro kyanwar mai ƙosan da ke tsallaken hanya, na rufe ta a mota na bar gilashi a buɗe kaɗan. Da na dawo na tarar da ita miƙe a kujerar direba tana barci irin na manyan ma'aikata. Na ɗana tarko da ƙuli-ƙuli, aka cinye ƙuli-ƙulin aka bar mini tarkona da mutuncinsa. Na sa garwashi a kasko na zuba barkono na turara motar, ni na kwana biyu ina tari, su kuwa ko atishawa ban ji sun yi ba. Na sayo maganin ɓera ranar kasuwa, mai ƙosai ta ce, “Baba, in suka mutu a cikin bututun iskar nan, kai da motar sai dai ku rabu.” Na ajiye maganin.

Cikin kwanakin nan, in na shiga mota na yi shiru, sai in ji motsinsu a bayan sitiyari, ƙus-ƙus, ƙus-ƙus. Na fara yi musu magana. Da farko zagi ne. Daga baya na koma karanta musu tuhuma, in tambaye su ko suna da abin cewa. Wata rana na ji kaina ina ba su labarin yadda uwar 'ya'yana take dama furar geron nan, ba ta yarda a sa mata sukari. Da na lura da wanda nake ba labarin, na fita na rufe ƙofa a hankali.

Warin ne ya kore ni zuwa Gummi. Can akwai wani bakanike, ɗan ƙanwar babana, wato taubashina, wanda tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ya tsufa shi ma, amma bakinsa bai tsufa ba. Ina tsayawa ya leƙo kansa ta taga, ya ja da baya yana toshe hanci.

“Kai, bawana! Motar ce ta mutu ko kai ne?”

“Baƙi gare ni,” na ce. “Irin danginku ne, ba su sallama, ba su tafiya.”

“Kusu ne wanga,” ya ce. Haka muke ce wa ɓera a nan. “Mi ka aje musu ciki?”

Na gaya masa. Ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya rufe. Uwarsa a gidanmu aka haife ta, da furar geron nan aka yaye shi.

“Mai gashin?” ya ce.

“Shi.”

“Duka?”

“Duka.”

Ya ɗauko sukudireba ya kwanta a gefen mai zaman banza, ƙafafunsa a waje. Ya cire akwatin gaba, ya kwance fanka. Wata ƙatuwar uwar ɓeraye ta faɗo a ƙirjinsa ta tsallake ta shige ƙarƙashin tarin tayoyi, ya yi salati da ƙarfi, ni kuwa na ce ai gaisuwar zumunci ce. Ya zaro sheƙarsu, soson kujerata ne da zaren dardumata, an saƙa ta tsaf. Sai ya sa hannu ya girgiza bututun iskar, na ji wani sauti, shaaa, a kan tabarmar roba.

Gero ne. Yana zubowa daga bututun kamar an buɗe bakin mazubi.

Ashe ba duka suka ci ba. Sun yi ta jida ne daga but, suna tarawa a lungunan da iska ke bi, su ma suna tanadin damina.

“Bari in kira mai faci ya hure shi da injin iska,” in ji taubashina, “sannan mu wanke da fetur.”

“In ka kira shi, ni da kai har Lahira.”

“Kai, fitsarin kusu ne fa a jikinsa.”

“Gonar da za shi, taki aka fi so a can.”

Na tuɓe babbar rigata na shimfiɗa ƙarƙashin wurin. Kajin garejin sun riga sun ji labari, suka taho a guje, na tsaya ina korarsu da hula, shi kuma yana ciro bututu ɗaya bayan ɗaya yana bubbugawa a kan rigar. Har wanda ke kai iska gilashin gaba sai da ya ba da nasa rabo. Masu kawo gyara suka zo suka tarar da tsofaffi biyu zaune a ƙasa, ɗaya ba riga, suna tsintar gero daga cikin kashin ɓera. Wani direba ya tambaya ko lafiya. Taubashina ya ce, “Zakkar kusu muka karɓa, muna ƙirga.”

Mafi yawan ƙwayoyin an gutsure su. Waɗanda suka tsira lafiya ba su cika rabin hulata ba. Ya toshe kafar da suke shiga ta ƙarƙashin bonet da ragar waya, ya mayar da komai. Ya ce in kwana, na ce ina son in isa da rana. Ya riƙe ƙofar motar ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce, “In ya yi, ka aje min zangarniya guda. Ba don halinka ba.”

A hanyar komawa fanka tana busa iska sumul, ba ƙara, ba motsi. Na kunna rediyo da ƙarfi.

Irin na zuba a kwalba mai murfin ƙarfe, na riƙa kwana da ita a gefen matashi. Da ruwa ya sauka na je gefen gonar da aka ara mini na shuka, ƙwaya biyu-biyu a rami, ni da na saba zubawa ba lissafi. Tsiron ya fito jefi-jefi kamar haƙoran bakina. Wanda ya fito kuwa ya yi. Da ya fitar da kai na ga gashin nan yana ƙyalli da safe, na waiwaya in nuna wa wani, ba kowa a gonar sai ni.

Ranar da nake yanka, wata tsohuwa ta biyo ta hanyar da ƙullin kaya a kai. Ta wuce, ta dawo, ta tsaya tana kallo.

“Malam, wanga ba geron bayan Burkullu ba ne?”

“Shi ne, Inna. Daga ina?”

Ta faɗi sunan ƙauyensu, tsallaken rafinmu ne. Ta ce Anka za ta, wurin ɗiyarta. Ta sauke kayan ta shafa zangarniya ɗaya da bayan hannu, ta ce rabonta da ganinsa tun kafin tashi. Muka ɗan tambayi juna mutane, yawanci amsar ita ce Allah ya jiƙansa, ko ban sani ba. Sai ta ce, a hankali, kamar mai jin kunya, “A sam mini.”

Abin da na yanka gaba ɗaya bai kai dami ba. Na ware zangarniyar taubashina, na raba sauran biyu, na ɗaure mata rabi da igiyar kaba. Ta cusa a cikin ƙullinta, na taimaka mata ta ɗora a kai, ta kama hanyar tasha. Ban tambaye ta ko tana da gona a Anka ba, ita ma ba ta faɗa ba.