Turmina Babu Hatsi

Na juya wa uwata Inna ordinatar, wato kwamfuta, na kunna mata sautin dakan taɓarya biyu da na yi wata biyu ina haɗawa. Ba ɗaukar sauti na yi ba. Da kod, wato umarnin da ake ba ordinatar, na rubuta shi layi-layi, na'ura ta fitar da shi.

Inna ta taho Damagaram ne daga Zermu, don bana hatsi ya ƙone tun bai fidda kai ba. Ta kasa kunne, ta ce, "Sani, wa ke dakan turmin wofi?"

Sai Hadiza 'yar kawuna, wadda ni na fara koya mata kod ɗin nan sati uku da suka wuce, ta jawo ordinatar gabanta. Lambobi biyu ta canza. Ta danne ƙarar, ta sa taɓarya ta biyu ta ɗan makara, sannan ta kunna.

Inna ta sake kasa kunne. Can ta ce, "Yawwa, wannan da hatsi a ciki. Sa mini shi a salula, garinmu ya yi tsit bana."

Na ce, "Inna, ai ni na fara shi."

Ta ce, "Ka taɓa riƙe taɓarya?"

Wallahi har yau abin na cina a rai. Kullum da hantsi dakan Hadiza nake ji daga ɗakin uwata.

Ku gaya mini, in wanda ka koya wa abu ya fi ka a kunnen uwarka, murna ake yi? Ni dai na gwada, ta ƙi zuwa.