Albasa Uku Zuwa Ƙasar Fir'auna

Litinin: Jega zuwa Kano

Na bar gidana a unguwar Jega Firchin ƙarfe biyar na asuba, mako biyu bayan ƙaramar salla. Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba. Direban motar da muka ɗauka shata, wani ɗan Maiyama mai suna Hantsi, ya kai mu Aliero cikin minti ashirin, muka iske Alhaji Arzika a ƙofar gida da jaka da buta, ya sha babbar riga tun kafin kiran salla.

Alhaji Arzika taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini tun daga kakanni. Manomin albasa ne na gaske. Ɗansa na fari, Attahiru, ya tafi karatu Masar shekara bakwai ke nan, ya gama, ya kama aikin tafinta a wani jirgin ruwa mai yawo da baƙi a kogin Nilu. Alhaji kuwa yana cikin masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa yi masa magana kai tsaye ba, sai dai ya ce "yaron ga".

Wasiƙar da ta ta da mu ni Attahiru ya aiko wa. Ya ce masu jirgi sun nemi ya zauna da su dindindin, sun ba shi zuwa ƙarshen wata ya ba da amsa. Ya ce in mahaifinsa na son ya koma gida zai koma, amma shekara bakwai bai ji kalma ɗaya daga gare shi ba, ko a takarda. Ya haɗo da tikiti biyu. Ni na san Alhaji na son yaron ya dawo, don tun da gwiwarsa ta fara ciwo babu wanda ya fi shi sanin ranar da wasiƙu ke isowa gari. Amma da na karanta masa, abin da ya ce kawai shi ne, "To, mu tai mu ga gulbin nasu."

Kafin Tambuwal 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Direba, mi kaɗ ɗauko?"

Hantsi ya ce, "Dattawa biyu na, ranka shi daɗe, da warin albasa."

Na ɗauka warin jikin Alhaji ne, don mutumin Aliero ko daga wanka ya fito ka san sana'arsa. Mun shiga Sakkwato takwas da rabi bayan tafiyar kilomita ɗari da talatin ko kusa, muka ci tuwon shinkafa a Gusau da azahar, muka isa Kano shida saura. Wani dillalin albasa abokin huldar Alhaji ya sauke mu a zaurensa.

Talata: Alkahira

Jirgin sama ya tashi sha ɗaya na safe, muka yi kusan awa biyar a sama. A filin jirgin Alkahira ma'aikacin bincike ya buɗe jakar Alhaji, ya zura hannu cikin wata hula, sai ga albasa guda, ja, mai ƙyalli, ta cika tafin hannu. Ya ɗaga ta yana dariya, ya kira abokin aikinsa su gani, sannan ya jefa ta cikin wani kwando. Alhaji ya bi ta da ido har ta faɗa.

Na ce, "Haba Arzika! Ƙasar da ad da Nilu za ka kawo ma albasa?"

Ya ce, "Yi kurum, Malan. Saura biyu."

Ashe ɗaya na cikin buta, ɗaya na aljihun 'yar ciki. Na tambayi ta mene ce, ya ce ba ruwana.

Attahiru na jiranmu a waje. Ya yi tsawo, ya tara ƙasumba, ya sa kwat. Da ya hango mu ya taho da sauri ya durƙusa gaban uban, mutane na ratsa su. Na ga leɓen Alhaji ya motsa, na ce yau dai za a yi ta. Sai ya ɗaga kai yana kallon wata fanka, ya ce, "Malan, tambaye shi ina alƙibla." Wallahi na ji haushi, kuma na ji tausayin yaron. Mun kwana wani ƙaramin masauki kusa da filin jirgi, muka ci wake da gurasa da man zaitun.

Laraba: Aswan

Ƙaramin jirgi ya kai mu Aswan, can kudu, cikin awa ɗaya da minti ashirin. Da sha biyu muka shiga jirgin ruwan. Jama'a, wannan ba kwalekwale ba ne, bene ne hawa huɗu aka ɗora a kan ruwa. Ɗakinmu da darduma har bango, da na'urar sanyi, da taga wadda in ka buɗe labule kogi ke gabanka. A can saman rufi akwai wurin wanka, Turawa maza da mata kwance cikin rana da ɗan abin da ba ya kai ƙyallen goge hannu. Alhaji ya hau sau ɗaya, ya sauko yana istigfari, bai sake hawa ba sai in sun tafi cin abinci.

Abincin ma ya zo da tasa rigimar. An jera tukwanen ƙarfe sun fi ashirin, kowa ya ɗauki faranti ya zuba wa kansa. Alhaji ya zauna ya naɗe hannu. Na ce ya tashi, ya ce, "Ni da gemena in tai bakin tukunya? Ko gidana ban san inda murhu yake ba." Attahiru ya zubo shinkafa da kifi ya kawo, ya tsaya, ya rasa yadda zai yi, sai ya miƙa mini, ni na tura gaban uban. Haka muka yi kwana uku. Na baro ajin da nake koyarwa a Jega na zo Masar na zama ɗan aike tsakanin mutum biyu da ke zaune teburi ɗaya.

Alhamis: Kom Ombo da Edfu

Jirgi ya tashi da sassafe ya bi ruwa arewa. Kilomita arba'in da 'yan kai muka tsaya Kom Ombo, wani tsohon ɗakin bauta na dutse a bakin kogi. Attahiru na gaba da tawagar Turawansa goma sha biyu, yana yi musu bayani da Turanci, ya juya ya yi wa mai gadi Larabci, sannan ya waiwayo ya yi mini Hausa da ƙarfi don wani ya ji. Ya nuna mana kadoji busassu waɗanda mutanen dauri suka shafe da magani suka adana, wai abin bautarsu ne.

Alhaji ya ce, "Malan, ce mai mutanen ga ba su da aikin yi."

Amma na lura duk sanda Turawa suka yi wa yaron tafi, Alhaji sai ya gyara zaman hularsa.

Tsakanin nan da Edfu ya zauna bakin taga yana kallon gaɓa. Gonaki ne shar a gefen ruwa, bayansu kaɗan sai rairayi. Can ya hango wani tsoho yana ɗebo ruwa da jigo, irin wanda muke ban ruwan albasa da shi kafin zuwan inji. Ya miƙe tsaye har da manta gwiwa, ya ce, "Dibi, dibi! Sandar tai gajarta, shina wahal da bayanai banza." A Edfu keken doki ya kai mu ɗakin bautar a kan fam biyar, mai keken ya nemi na doki daban.

Da muka koma ɗaki bayan la'asar muka iske abin mamaki. Mai gyaran ɗaki ya naɗe tawul ya yi siffar kada a kan gado, ya sa masa hular Alhaji. Al'adarsu ce don faranta wa baƙi rai. Sai dai ya nemi abin yin idanu, ya leƙa buta, ya sami albasa, ya raba ta biyu ya dasa wa kada. Na yi dariya har na zauna ƙasa. Da na ɗago na ga fuskar taubashina, sai na bar dariya. Ya tattara ɓarin biyu ya riƙe, ya ce a hankali, "Saura guda."

Juma'a: Luksor

Mun ratsa wata madatsa a Esna, inda aka rufe jirgi cikin ƙofofi aka rage ruwa ya sauka da mu, muka isa Luksor kafin azahar muka sami Juma'a. Da yamma aka kai mu Karnak, inda ginshiƙan dutse suke, mutum shida ba su zagaye ɗaya da hannu. Attahiru ya ja ni bayan wani ginshiƙi.

Ya ce, "Baba Malam, gobe da maraice manaja ka jiran amsata. Alhaji ya ce wani abu?"

Na ce, "Ya ce sandar jigonsu ta yi gajarta."

Ya yi murmushin da ba na daɗi ba, ya ce, "To shi ke nan, zan sa hannu."

Na koma na sami Alhaji na faɗa masa, ban rage ba. Na ce in ya yi shiru gobe, ya yi shiru ke nan har abada. Ya ce, "Kai ka hwaɗa mai." Na ce yaron ba bakina yake jira ba.

Asabar: Kaburbura

Ƙarfe shida muka haye yamma da kogi a kwalekwale mai inji. Mun shiga kabarin sarakuna biyu, ramuka masu zurfi cikin dutse, bango duk zane, launi kamar jiya aka shafa. Alhaji ya shiga da addu'a ya fita da addu'a. Da hantsi Turawa suka zauna shan lemo, Attahiru ya ce akwai wani ƙaramin kabari na wani mai kula da gonakin sarki, yana so mu gani mu kaɗai.

Matakala goma sha wani abu ce zuwa ƙasa. Mai gadi ya haska mana da madubi daga bakin ƙofa. A bangon ga masu huɗa, ga masu girbi, ga wani teburi cike da abinci, a samansa an ɗora damin albasa da ganyenta. Gaban teburin wani saurayi na tsaye yana miƙa wa wani dattijo.

Attahiru ya ce, "Baba Malam, wancan mai kabarin na. Wanga kuwa babban ɗanai, shi ka kawo mai abinci, shi ka rufe shi in ya mutu."

Alhaji ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa bango. Ya ce, "An tuge ta ba ta nuna ba. Ba ta kai wata biyu cikin rudu." Rudu shi ne rumbun kara da muke ajiye albasa, kuma ko Fir'auna bai tsira daga gyaran mutumin Aliero ba. Sannan ya sa hannu aljihu ya fito da ta ukun, ta ɗan yi laushi don zafin jiki. Ya miƙo mini.

"Ba shi. Ce mai ta hwadamar gabas ta, wajen Kashin Zama."

Na san wurin. Ita ce fadamar da kakan Attahiru ya yanka masa yana yaro, ya yi dashensa na farko a ciki. Ashe shekara bakwai Alhaji na noma ta da gwiwar nan, ƙannen yaron sun nema ya hana.

Na dubi albasa, na dubi su biyun, na sa hannuna a baya. Na ce, "Ni zafi ya ishe ni, kaina ka juyawa. Dillanci ya ƙare." Na haye matakala na bar su, babu mai jin Hausa a ramin sai su.

Ban yi nisa ba, kuma ba zan ce don gajiya ba ne. Na zauna a matakala ta uku daga sama. Wanda ya haƙa kabarin nan ya iya aiki, ko tari aka yi a ƙasa sai ya hauro. Ina nan zaune har mai gadi ya fara leƙawa. Can na ji muryar taubashina, tana rawa, ta faɗi abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba cikin shekara talatin.

"Attahiru."

"Na'am, Alhaji."

"Amshi. Gwiwata ta gaji. Ka komo gida."

Na yi kuka a bakin kabarin wani arne da ya mutu tun kafin a san Jega, mai gadi ya ba ni ruwa yana tsammanin zafin ne. Da suka fito idon kowa ja, albasa na hannun yaron. Na ce, "Arzika, kamar na ji an kira wani suna can ƙasa."

Ya ce, "Ramin mutanen ga cike yake da aljannu, Malan. Ka riƙa addu'a."

Komawa

Attahiru ya ba manaja haƙuri da maraicen nan, ya yi alkawarin ƙarasa musu watannin baƙi. Lahadi muka koma Alkahira, Litinin muka sauka Kano, Talata tun kafin asuba Hantsi ya zo ya kwashe mu. Mun shiga Aliero ana kiran la'asar. Hajiya, uwar Attahiru, wadda ita ma ba ta faɗin sunan, ta tsaya bayan ƙyauren zaure ta yi mana sannu da hanya, ta ƙi tambayar abin da ke cinta. Alhaji ya zauna ya cire takalmi, ya sha ruwa, ya bar ta tana jira, sannan ya ce wa bango, "A share ɗakin kudu. Yaron ga shina tahe kamin dashe."

Na iso Jega biyar da rabi na iske iyali lafiya. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Hantsi da mai masaukinmu na Kano, har da mai gyaran ɗakin nan da ya bar mana guda. Attahiru ya sauka Aliero mako biyu kafin dashe. Uban bai sake kiran sunansa ba har yau, amma kullum da safe tare suke tafiya fadamar gabas, yaron a gaba da mashin a hankali, shi a baya yana riƙe da kafaɗarsa.