Ƙwaya Mai Cin Ƙwaya

Muna sallame asuba muka bar Gazawa, ni da gwaggona. Tun damina take fama da zafin fitsari, alwala ba ta tsaya mata, har ta daina zuwa masallacin Juma'a. Wannan ya fi ciwon ci mata rai. Kafso kuwa ta sha har 'yan tebur sun haddace muryarta. Sai ga labari daga gidan suna, wai wani ɗan danginmu, likita a Gidan Rumji, yana da ƙwaya mai cin ƙwaya.

Mota ta cika har da akuya a ƙafafuna. A Agiye na sayi aya, ta yi tsada kamar ba a nan ake nomanta ba. Gwaggo ta yi ta tsai da direba tana faɗawa gonakin wake da butarta, har fasinjoji suka fara tsaki. Na ji kunya, na kuma ji tausayinta.

Da hantsi muka isa, likitan ya zaunar da mu.

"Gwaggo, ƙwayar cuta ce gare ki, ta saba da ƙwayar da kika sha. Akwai wata ƙaramar ƙwayar cuta, faj, ita ka kashe ta."

"To wacce za ni haɗiye?"

Ta dube ni. Ni da karatun bokona na lakol, ƙwayoyin sun riga sun cakuɗe mini. Likitan ya ce masana ke tsamo faj ɗin daga ruwan kwata su tace, kuma shi ba ya da ita, a waje ma gwaji ake. Hira kawai ya yi a wurin sunan! Ya hana ta kafson tebur, ya tura mu Maradi a auna fitsari a gano maganin da zai kama.

Mun ba da awon, muna hanyar tasha, sai gwaggo ta ja ta tsaya bakin wata baƙar kwata.

"Ɗana, wagga hwa?"

Na fashe da dariya. Sai na ga ta buɗe murfin buta za ta ɗiba. Na kama hannunta muka wuce.

Da magariba muka shigo gida. Har yau ban rarrabe ƙwayoyin nan ba, sakamakon awo ma jiransa muke. Amma na gane ban taɓa sanin zurfin ciwon gwaggo ba sai da na ga ta kalli kwata da fata.