Ranar da Aka Zo Wa Babana Ta'aziyyar Kansa

A shekarar da aka ba mu mulkin kai littafina ya fito. Kwafi shida aka aiko mini daga Zariya, ɗaure da igiya. Ina malamin firamare a lokacin, na kuma ɗauka daga ranar Bauchi za ta san da zamana. Ta sani kuwa, amma ba ta inda na zata ba.

Ƙagaggen labari ne na wani saurayi da ke ba da tarihinsa da bakinsa. A babi na huɗu ubansa ya rasu, kansa bisa cinyar ɗan. Gangancina ɗaya, na mai da uban baduku a Ƙofar Dumi, don ita ce sana'ar da na sani. Ita babana yake yi.

Ashe wani malamin yaƙi da jahilci ya karanta wa ajinsa littafin a Zungur, cikin ajin kuwa har da ƙanen mahaifiyata. A wurinsu abin da aka buga a takarda ba ya ƙarya, ko dai addini ne ko sanarwar hukuma. Ga sunana a bango, ga "babana" a ciki. Me ya rage?

Ran Laraba da hantsi mutum tara suka iso a ƙafa, da ƙwaryar gero, Kawu a gaba. Suka yi sallama a zaure, suka tarar da mamacin yana huda fata da basilla.

"Lafiya? Wa ya rasu?" in ji Baba.

Kawu ya ja da baya. "Kai ne, Malam. Wato, haka aka ce. Yana cikin takarda."

Aka aika makaranta aka kira ni. Na zo ina gumi, na ce, "Kawu, labari ne kawai."

"To ƙarya ka yi ke nan?"

"Ba ƙarya ba ce, ƙagawa ce."

"Ina bambancin? Mai tatsuniya yakan ce ga ta nan ga ta nanku, kowa ya san inda aka dosa. Kai ka ce?"

Ban ce ba. Ni da nake koyar da yara arba'in, wallahi har yau ban sami amsar da za ta gamsar da Kawu ba, balle ni.

Baba ya sa aka dama musu fura, ya karɓi geron, ya ce wanda ya tako daga Zungur ba a mayar masa da hannu. Da suka tafi ya ce in karanta masa wurin, don shi bai san boko ba. Na karanta. Na fi tsoron shirunsa da bulala.

"Kana wurin?" ya tambaya.

"A labarin, Baba."

"Kaina a cinyarka?"

"I."

"To, madalla." Ya koma kan ɗinkinsa.

Madallar nan ta hana ni sakat. Fushi ne? Yafiya ce? Ba'a ce? Shekara uku bai sake ta da maganar ba, ni kuma na kasa tambaya. Littafi na biyu da na fara, na bar shi a babi na ɗaya.

Ina Kaduna wurin kwas Baba ya cika. Kafin waya ta same ni an binne shi. Mutanen Zungur ma sai rana ta uku suka zo, wai Kawu ya ce a dakata a tabbatar tukuna.

Yayata ta miƙo mini wata ƙaramar gafaka, irin jakar fatar da yake ɗinka wa malamai don littattafansu. Littafina ne a ciki, an yanka fatar daidai da shi. Na tambaye ta a cinyar wa ya cika.

Ta ce, "Na so in ɗora kansa a tawa. Ya ce a'a, a bar shi a matashi, mai wurin yana hanya."