Reshe Uku a Aston

Ko gari bai gama wayewa ba muka bar Whalley Range, unguwarmu a Manchester, ranar Asabar, ni da mahaifiyata. Tun da ta fita takabar Baba na ɗauko ta daga Kano, amma ko ƙofar flat ɗinmu ba ta leƙawa. Likitanmu ya ce a riƙa fita da ita. Da wata abokiyar aikina ta ce ana koyar da ikebana, wato fasahar jera furanni ta mutanen Japan, a wani zaure a unguwar Aston ta Birmingham, sai na yanki tikitin bas zuwa can ban ma shawarci Umma ba.

Yayyafi muka sha har muka isa, ga tumaki birjik a filaye, kowace ta yi ɓul-ɓul kamar ana jiran layya. Inda muka yada zango na sayo shayi mai ɗan karen tsada. Umma ta kurɓa, ta tambaye ni ko ruwan ɗaurayar kofi suka sayar min. Dambun naman da ta ƙullo a jaka ne ya cece mu.

Malamar wata dattijuwa ce 'yar Japan, mai magana ƙasa-ƙasa, ni ke fassara wa Umma. Ta ba kowa faranti da ruwa, da wani ƙarfe mai ƙusoshi da ake soka reshe a kai, da damin furanni. Ni dai na cusa nawa kaf. Ta zo tana murmushi ta zare fiye da rabi.

Umma kuwa reshe uku ta soka, ta bar gefe guda fayau. Na miƙa fure zan cike mata wurin, ta riƙe hannuna.

"Ke, bar shi haka. Nan wurin babanku ne."

Malamar ta tambaye ni me ta ce. Da na faɗa mata, sai ta jawo kujera kusa da Umma, ta ce ita ma mijinta ya rasu. Suka daɗe zaune suna kallon farantin, ba mai jin yaren wata.

Bayan magariba muka sauka Manchester, Umma rungume da rassanta a takarda. A bas ɗin da zai kai mu gida ta ba ni labarin ranar da ta fara ganin Baba, wanda ban taɓa ji ba.

Na daɗe ina fafutukar cike mata giɓin da ya bari, da hira da baƙi da magani. Ashe ba cikewa take so ba. So take a bar mata wurin yadda yake, a zo a zauna kusa da ita.