Tiyon Garkar Baba Gwamna

Zakari ɗan Madarunfa ne, amma a Maraɗi yake neman abincinsa, a wani ƙaramin kamfani da ke narka roba yana fitar da tiyon da ake binnewa a bango, a zura wayar kuran, wato lantarki, ciki. Aikinsa tsayuwa bakin inji, yana naɗe tiyo da ɗuminsa. A gida kuwa cewa ake shi ne na hannun daman mai kamfani, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa zancen ba.

Surukinsa Baba Gwamna yana da garkar albasa a bakin tabki. Da tsohon ya sayi injin ban ruwa, sai ya aiko a samo mai tiyo. Zakari ya san na ruwa ake nufi. Amma na ruwa a kasuwa yake, kowa ma zai iya sayowa. Na kamfaninsu ne zai sa a ce surukin Gwamna ya isa. Ya ɗauro naɗi biyu ya kawo.

Tun daga ranar hankalinsa bai kwanta ba. Ya san robar nan, ba ta da kauri, ba ta jure ƙarfin ruwa.

"Baban Salim, ka faɗa mishi mana," in ji matarsa Aminatu.

"In dubi idon Baba in ce kyautata ta banza ce? Ke ki faɗa."

"Ni na ɗauro shi a babur na bi ta tsakiyar kasuwa?"

Ranar gwaji maƙwabtan garka suka taru. Zakari ya tsuguna can gefe, kai a sunkuye kamar kowane suruki. Aka tada inji. Tiyon ya miƙe, ya kumbura, ya tsage, ruwa ya kwashe fangalin dashe ɗungurungum.

Wani maƙwabci ya tuntsire da dariya. "To, ga kayan kamfani!"

Baba Gwamna ya kashe injin. Bai dubi inda Zakari yake ba.

"Laifina ne," ya ce. "Yaron nan ya gaya mini na kuran ne, ni na ƙi ji."

Zakari bai gaya mai ba, su biyun sun sani. Aka watse ana yi wa tsoho tsiya.

Har yau Zakari yana zuwa gaisuwa, ya tsuguna daga nesa, yana jiran a tada maganar. Tsohon sai dai ya ce, "Ya aiki?"